Godiyar Mijin Kubura

Tun kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi Rahmatu take shiga gidajen Kalgo da ƙauyukanta, tana zama da matan da mazansu ke duka, tana sauraronsu har su koma yin barci ba firgita. A kan wannan take rubuta digirinta na uku a Sakkwato. Dokarta ɗaya ce, ita take nanata wa ɗalibanta: kada miji ya san abin da ya kawo ki. Ki shiga kamar mai zumunci, ki fito kamar mai zumunci.

To, zumuncin ne ya ja mata. Ranar da za ta Wurogauri wurin Kubura, wadda miji ya taɓa karya wa hannu da taɓarya, sai ta ji kunyar zuwa hannu rabbana, ta riƙa mata turmin atamfa. Atamfa fa, abin da ba ya ɓoyuwa a ɗaki. Duk karatun nan nata, ta manta cewa a ƙasar nan ba a yi wa matarka alheri ka yi shiru. Dole ka taka har gida ka yi wa magabata godiya.

Ranar Asabar da hantsi tana gidansu a Gwandu, tana tsintar shinkafa a bayan zaure, ta ji babur ya tsaya, aka yi sallama da mahaifinta.

"Lawal ne, mijin Kubura, daga Wurogauri. Godiya na zo yi, Malam."

Rahmatu ta dakata da tsintar. Ta san Baffa sarai. Malam Siddiƙu mutumin kirki ne, amma in aka taɓo zancen ɗiyarsa ta jami'a, ko mai tallan goro sai ya sha labari. Ga shi ba ta isa ta faɗa zaure cikin maza ba, in ma ta faɗa, ai ta tona da kanta. Ta yi gyaran murya. Ta saki kwano ƙasa da gangan. Baffa ko a jikinsa.

"Haba, ba komai, ai aikinta ke nan," in ji shi, murya cike da alfahari. "Matan da maza ke azabtarwa take bi gida-gida, su faɗa mata damuwarsu, ta rubuta. In ka ga ta shiga gida, to akwai mai kuka a ciki. Allah dai shi shirya irin waɗannan maza."

"Amin," in ji Lawal a hankali. "Komai suke faɗa mata, Malam?"

"Komai, ɗana."

Aka kawo fura, ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Ya sake godiya cikin ladabi, har da durƙusawa, sannan ya tada babur. Wannan ladabin ne ya fi tsorata Rahmatu, don Kubura ta gaya mata haka yake yin laushi kafin ya rufe ƙofa.

Ta figi mayafi ta fita da silifas ɗin wanka, Baffa na tambayar lafiya, ba ta ko waiwaya ba. Babu waya a Wurogauri, babu wanda za ta aika ya riga babur. Ta isa tasha tana haki, ta faɗa motar Birnin Kebbi, inda za ta sake neman ta Kalgo.

"Direba, don girman Allah mu tafi. Rai ne."

Ya leƙa cikin motar. Ba kowa sai ita da wata tsohuwa mai kaji.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce, ya koma kan bencinsa. "Sai ta cika."