Matan da Suka Kashe Rami

Inna ba mutuniyar gidan silima ba ce. A cewarta, duk abin da sai an kashe fitila kafin a nuna maka shi, akwai lauje cikin naɗi. Amma ranar Asabar ɗin nan 'yarta, wadda ke ɗinki a bakin kasuwa, ta rufe shago tun azahar ta ce sai sun je.

"Labarinku ne fa, Inna. Mutumin nan da ya zo da rikoda shekara uku da suka wuce, shi ya yi fim ɗin."

Inna ta tuna shi sarai. Kwana huɗu ya yi a kan tabarmarta, yana shan ruwan randarta, yana ta "sai kuma me ya faru, Inna?" Ba abin da ta rage masa. Ta gaya masa yadda 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu lokacin yaƙi, suka kora maza rami haƙar tsakuwa, suka tsayar da mata bakwai cikin ruwa har gwiwa suna wanke ta a rariya, ana neman lu'ulu'un da za a sayar a sayo harsashi. Ta gaya masa yadda matan nan bakwai suka haɗa baki, duk dutsen da ya shigo rariya su sake shi ya koma cikin laka, a gaban masu gadi, wata tara cur, har 'yan bindigar suka ce ramin ya mutu, suka kwashe kayansu suka tafi. Ta gaya masa yadda aka harbe Gajera, ɗaya daga cikinsu, ranar da hannunta ya yi rawa aka gani.

To, sai ga abin da ya yi da shi.

A fim ɗin, wani jibgegen saurayi ne mai suna Kyaftin ya ceci ƙauyen. Ya sace ƙaton lu'ulu'u mai ƙyalli kamar fitilar mota, ya dasa bam a ramin, ya tsere a kan babur wuta na binsa. Samarin da ke bayan Inna suka miƙe suna fito, suna buga kujeru. Wata mata a gaba tana ta share hawaye da gefen mayafi. Matan ramin kuwa, sau uku aka nuna su, kuma sau ukun kuka suke yi.

"Su dai waɗannan ba abin da suka iya sai kuka," in ji wani daga cikin samarin.

Inna ta juya. 'Yarta ta riƙe mata hannu.

"Inna, don Allah."

"Sake ni. Dubi yadda waccan ta riƙe rariya, kamar mai tallan gyaɗa. Kuma a gidan uban wa lu'ulu'u yake fitowa daga ƙasa yana walƙiya? Kamar ɓarin alif yake, in ba ki san shi ba ki taka shi ki wuce."

"Mama, a yi mana shiru mana," wani ya ce daga cikin duhu.

"Uwarka ce za ta yi maka shiru."

Kwana biyu gari ba hirar da ake sai ta fim. A shagon 'yarta, masu kawo ɗinki suna gardama ko Kyaftin ya mutu ko bai mutu ba. Jaridu suka rabu: wani ya ce fim ɗin ya yi tsawo, wani ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba, wata ta ce tun da ta kalla ta kasa sa zobenta na aure. Inna ba ta iya karatu ba, amma tana da kunne, kuma rediyon shagon ba ya hutawa.

A nan ta ji Mai Sharhi. Shi ne babban mai duba fina-finai, wanda in ya yaba a cika gida, in ya kushe a watse. Ya yaba har da su "gwanin gwanaye." Ya ce abin da ya fi taɓa shi shi ne matan nan da ba su da wani makami sai hawaye. Sai wani dattijo ya bugo waya ya ce shi kam ya taɓa jin cewa matan ne suka yaudari 'yan bindigar. Mai Sharhi ya yi dariya.

"Baba, wannan tatsuniya ce. Bindiga a ƙeyarka, ido huɗu a kan hannunka, ta ina za ka ɓoye dutse? Mu bar son zuciya."

Inna ta ajiye almakashin da take warware ɗinki da shi.

"Tatsuniya," ta ce. "Gajera ta zama tatsuniya."

Da aka sanar cewa ranar Alhamis da la'asar za a yi taron masu kallo da Mai Fim da Mai Sharhi a gidan silimar, Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Ta janyo tsohuwar rariyarta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. Ta ɗebo tsakuwa da jar ƙasa a wurin da ake gini. Ta je wajen bakaniken layinsu ta ce ya ba ta 'yar ƙwallon ƙarfe ɗaya ta cikin boris, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba.

"Me za ki gyara da ita, Inna?"

"Bakin wani."

Mai gadin ƙofa ya so ya hana su shiga da daro da jarka.

"Mama, nan ba wurin wanki ba ne."

"Yau ya zama. Matsa."

Ya matsa.

Sun tarar an jera kujeru biyu a gaban farin allo. Mai Fim ya yi ƙiba. Mai Sharhi kuwa ɗan siriri ne mai tabarau, da biro a bayan kunne. Ana ta tambayoyi, wani yana son ya san ko wutar gaske ce, wata tana tambayar ko Kyaftin yana da mata. Inna ba ta ɗaga hannu ba. Ta tako har gaba, ta dire daron, 'yarta na biye da jarka tana sunkuyar da kai.

Mai Fim ya gane ta. Ya miƙe yana murmushin da bai kai ciki ba.

"A'a, Inna! Jama'a, wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda suka taimaka mana da..."

"Zauna. Kai naka na zuwa." Ta juya ga Mai Sharhi. "Kai ne mai tatsuniya?"

"Mama, ban gane ba."

"Yanzu za ka gane. Ɗana, ka taɓa riƙe rariya?"

"Ta kicin, e."

Aka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ta sa 'yarta ta juye ruwan a daro, ta zuba jar ƙasa ta dama har ya zama kamar ruwan rami. Ta cika rariyar da tsakuwa, ta miƙa wa Mai Sharhi 'yar ƙwallon.

"Wannan ce lu'ulu'unka. Ta fi tsakuwa nauyi, shi ma haka yake. Sa ta da hannunka."

Ya tura ta cikin tsakuwar. Inna ta ɗaure zani, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara har na layin gaba suka ji. Ta nutsa rariyar cikin ruwa ta fara: sama, ƙasa, juyi, sama, ƙasa, juyi. Tsakuwar tana tsalle tana komawa da wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ta ɗaga, ta kife rariyar a ƙasa tashi ɗaya, ta ɗauke. Ga tsakuwa ta zauna kamar an kife tukunya, ga 'yar ƙwallon a bisa, a tsakiya daidai.

"Mai nauyi ƙasa yake sauka, tsakiya yake zama. In an kife, sai ya dawo sama. Wurin nan muke ce wa ido. Shi mai gadi yake kallo. Haka ake aikin gaskiya." Ta kwashe tsakuwar ta mayar. "Yanzu kai ne mai bindiga. Tsaya nan. Kai kuma Mai Fim, zo nan ɓangaren. Ido huɗu ka ce ko? Ga shida, har da tabarau."

Mai Sharhi ya sake tura ƙwallon. Ya tsuguna har hancinsa ya kusa taɓa ruwan. Mutane suka bar kujeru suka kewaye su. Inna ta fara: sama, ƙasa, juyi. Motsi iri ɗaya, sauti iri ɗaya. Ta ɗaga, ta kife, ta ɗauke.

Idon babu komai.

Mai Sharhi ya baza tsakuwar da yatsa, sannan da tafin hannu. Ya ce ta buɗe hannuwanta, ta buɗe. Wani ya ce a duba bakinta, ta wangale masa baki mai haƙori biyar.

"Laluba ƙasan daron," ta ce.

Ya naɗe hannun riga ya laluba cikin lakar. Ya fito da ita tsakanin yatsu biyu.

"Ta yaya?"

"Wuyan hannun hagu. Ka ɗan rage masa ƙarfi a wajen juyi, mai nauyi sai ya bar tsakiya ya bi gefe, ya haura baki yana cikin ruwa. Gajera ce ta gano, ita ta koya mana da hannu, ba da baki ba, don ba a bari mu yi magana. Wata tara muna yi. In mun ga ransu ya fara ɓaci, mu bar musu ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero. Ranar da aka kama ta zazzaɓi take yi, hannun ya yi rawa, dutsen ya fito saman ruwa kafin ya faɗi. A cikin ruwan suka harbe ta. Suka tambaye mu ko da wadda ta sani. Muka ce ba mu sani ba, muka ɗauki rariya muka ci gaba, jininta yana zagaya ƙafafunmu. Kuma a ranar ma sai da na saki guda biyu." Ta dubi Mai Fim. "Wannan na gaya maka a kan tabarmata. Ina ka samo babur?"

Mai Fim ya share wuya.

"Inna, fim sai da jarumi. Masu kallo suna son..."

"Mu mun ce muna so?" Matar nan ce mai zoben aure, daga cikin 'yan jarida. Sai hayaniya ta tashi. Wani saurayi ya yi fito, irin wanda aka yi wa Kyaftin.

"Me kike so a yi, Mama?" in ji Mai Sharhi. Har yanzu ƙwallon na hannunsa.

"Kai, bakin da ya ce tatsuniya ya koma rediyo ya ce ƙarya ya yi. Shi kuma ya rubuta su a jikin farin ƙyallen can, inda yake rubuta direbansa da mai dafa masa shayi. Gajera. Uwar Biyu. Bahaguwa. Amarya. Mai Tari. Kurma. Ku rubuta, ku ne masu biro."

Mai Sharhi ya zaro biron daga bayan kunne, ya rubuta a tafin hannunsa mai laka.

Ya kuwa yi yadda ta ce. Ranar Litinin ya ce a rediyo shekara ashirin yana kallon fim, amma sai da wata tsohuwa ta koya masa kallo. Ya rage wa fim ɗin yabo, ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mai Fim ya yi ta ja da baya har mako uku, sai da ya ga duk inda aka nuna fim ɗin mutane suna tambayar ina Gajera, sannan ya amince.

Inna ta koma gidan silimar da kanta, kallon rana, 'yarta na biye. Ta zauna tun daga farko, ta jure babur, ta jure bam. Da aka gama, kafin dogon jerin sunayen ma'aikata ya fara hawa, allon ya yi baƙi, fararen layuka suka fito suka tsaya. Ta ƙirga su da yatsa.

"Shida na ba su. Bakwai nake gani."

"Na ƙarshen ke ce, Inna."

"Wa ya sa su?" Ta sake duban allon. "Gajera ce a sama?"

"Ita ce."

"Nuna min ita."

'Yarta ta kama yatsanta ta ɗaga shi zuwa layin farko. Inna ta ƙura masa ido har ya ɓace. Samarin da ke bayansu ba wanda ya tashi. Ta gyara mayafi ta miƙe, ta bi ta tsakaninsu suna janye ƙafafu.

A bakin ƙofa mai gadin ya cire hula.

"Yau ba daro, Mama?"

"Yana nan a ajiye. Ka gaya wa Mai Fim, yarinyar nan ta cikin fim har yanzu ba ta iya riƙe rariya ba. Ta zo gida in koya mata."