Kaset daga Laberiya

Maliki masunci ne a Argungu, mutum mai taurin kai da riƙo, kuma abin da ɗansa Kalilu ya yi masa ba ƙarami ba ne. Ranar da ake ɗaukar soja a Birnin Kebbi, ya ji labari yaron ya sulale ya shiga layi. Ya yar da homarsa ta kamun kifi a bakin gulbi, ya hau motar kasuwa, ya je ya same shi tsaye ba riga cikin samari, ya damƙi hannunsa. Wani hafsa ya tambayi Kalilu ko wane ne wannan. Yaron ya dubi ubansa sama da ƙasa, ya ce bai san shi ba. Aka ingiza tsohon waje ana dariya, hularsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba.

Tun daga ranar Maliki bai sake ambatar sunansa ba. Matarsa Riskuwa ta yi lallashi ta gaji, ta turo liman, ta turo yayanta daga Zauro, duk a banza. Da aka kwashi su Kalilu zuwa yaƙin Laberiya sai lallashin ya rikiɗe ya zama gaba. Ta daina yi masa sannu da zuwa, tuwo ma dangwarar masa take yi ta wuce. Tsoronta ɗaya ne, kuma ba ta ɓoye shi: kada harsashi ya sami ɗanta da fushin uba a kansa.

Wata Laraba bayan la'asar wani soja ya yi sallama, hannunsa na hagu a naɗe da bandeji. Ya ce sunansa Matiyu, iyayensa suna Nasarawa a Birnin Kebbi, tantinsu ɗaya da Kalilu. Ya zo jinya, gobe zai kama hanyar komawa. Ya kawo kaset da 'yar rikodarsa, tunda Kalilu ya san ba mai karanta wasiƙa a gidan.

Kafin a shimfiɗa tabarma zaure ya cika. Maliki yana bakin ƙofa yana ɗinkin homa, ya ba su baya, kamar ba a gidansa ake yi ba.

"Salamu alaikum. Ni na, Kalilu," in ji rikodar. "Ina gaida Inna. Ina gaida Adama da mijinta da ɗiyansu. Ina gaida Kawu Usmanu na Zauro, Allah sa ruwa bai ci mai shinkafa ba."

Ya gaida liman da ladan. Ya gaida mai shayin bakin tasha. Har Tamba ya gaida, wanda suka taɓa fasa wa juna kai a kan gorar kamun kifi. Kowa ya ji sunansa sai ya amsa da ƙarfi, sai ka ce yaron yana ji. Daga nan ya shiga ba da labarin sansani. Wai wani tsohon sito suke kwana kusa da teku, ruwan sama ba ya ɗaukewa, takalmi ba ya bushewa, ƙafar kowa ta yi fari ta saɓule. Shinkafa ake ba su da miyar ganyen rogo, shinkafar ma ba ta da ƙamshi. A hular kwano suke wanke safa, da kwanson harsashi suke dara, kuma akwai wani kofur mai minsharin da ke hana sauro sauka. Mutane suna ta dariya. Can bayan muryarsa wani abu yana ta dum, dum.

"Kada ku damu da wanga ƙara," in ji shi, "tsawa ta."

Ya yi sallama, kaset ya ci gaba da shuu. Sai a lokacin dariyar ta mutu, don kowa ya lura da sunan da bai fito ba. Maƙwabta suka fara tuna suna da aiki a gida.

Riskuwa ta dubi Matiyu. "Yaro, na san tsawa. Waccan mi ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Igwa ce, Mama."

Ta miƙe ta je ta tsaya a kan mijinta. "Malam, ka ji."

"Na ji wani soja shina gaida mutanenai. Ni mi an nawa ciki?"

"Ga rikoda. Ka ce ka yahe mai. Kalma guda ta."

"In yahe ma wa? Wanda bai san ni ba?"

"Kai da ka iya tsayuwa cikin ruwa tun asuba kana jiran tarwaɗa guda, buɗe baki ab babban aiki gare ka? Igwa aka harba mai, Malam, ba danƙo ba!"

"Ni nit tura shi?"

Matiyu ya yi gyaran murya. "Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Ranar da yake ɗaukar kaset ɗin nan na ce masa ya gaishe ku, har muka kusa dambe. Ya ce sai kun fara."

Maliki ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ciji zare ya tsinke. "Kun ji ko? Ni zan hwara. To shi jira."

Wannan magana ta Matiyu, da ya yi ta don gyara, ita ta ƙarasa ƙona ran Riskuwa. Da tana ganin ɗanta kunya ce ta hana shi, ko tsoro. Ashe shi ma yana can cikin laka da ruɓaɓɓiyar ƙafa yana lissafin wa zai fara sunkuyawa. Haushinsu su biyun ya taru mata, ta rasa wanda ta fi jin haushi.

Aka juya kaset don amsa. Adama, ƙanwar Kalilu, ta yi gaisuwarta tana kuka, ta ce an yaye ƙaramin ɗanta. Tamba ya leƙo ya ce yana nan yana jiransa da sanda. Matiyu ya miƙa wa Riskuwa rikodar, ya nuna mata inda za ta sa baki.

Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ko a bayan idonsa. Ta riƙe rikodar da hannu biyu.

"Kalilu."

Adama ta toshe baki. Hannun Maliki ya tsaya a kan homa.

"Ni ta, uwarka. Gaisuwarka na maishe ma, ba ni so. Ka gaida mai shayi ka tsallake wanda yah haihe ka, kana tsammanin in ji daɗi? Kai da shi duk ɗaya ku ke, Allah ya gani na gaji da ku. Na roƙe shi shi yahe ma gaban baƙo, ya ƙiya. Ga shi nan zaune, shina jina. Ba a yahe ma ba, ka ji da kyau. Don haka kada ka kuskura ka mutu can. In an ce a ruga, ka ruga. In an ce a ɓoye, ka riga kowa. Ka komo da ƙahwahunka ku ƙarasa hwaɗanku gabana."

Muryarta ta karye a nan, amma ba ta yarda ta yi kuka ba. Ta duƙa ta ajiye rikodar a ƙasa, daidai gwiwar Maliki, ba ta kashe ba. Ta koma ta jingina da bango ta harɗe hannuwa.

Matiyu ya yunƙura zai ɗauka, ta harare shi, ya koma ya zauna.

Kaset yana ta juyawa. Maliki ya dube shi. Ya buɗe baki, ya rufe. Can ya jawo homarsa ya ci gaba da ɗinki, zaren yana kuɓuce masa yana sake kamawa. Ba wanda ya motsa a zauren. Akuya ta yi kuka a cikin gida, aka kira magariba a masallacin unguwa, bai tashi ba, ita ma ba ta tashi ba, har kaset ya kai ƙarshe madannin ya ɗago da kansa.

Matiyu ya ɗauka yana juya shi a hannu. "Mama, in goge wajen da ba magana?"

"A'a," in ji Riskuwa. "Kai mai hakanan. Shi zauna shi saurara har ƙarshe, kamar yadda nis saurara."