Ƙasan Gonar Irimiya

Da farin takalmi Ernest ya shigo gonar, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin raɓa. Wata huɗu ke nan da rasuwar yayansa Irimiya, ya taso daga Tunga zuwa Beji don a raba gonar gado tsakaninsa da iyalan marigayin. Alice, matar Irimiya, tana biye da shi da fartanya a kafaɗa.

Ya dubi tudun gonar, jar ƙasa mai tsakuwa, ya taɓe baki. Da suka gangara inda ƙasa ta yi baƙi wuluk sai ya tsaya.

"Nan zan ɗauka. Doya zan sa."

"Baban Destiny, doya ba ta yi a nan," in ji Alice. "Saman ne mai kyau. Kamu biyu ƙasa laka ce, ruwa ba ya wucewa."

"Maman Yona, shekara ashirin da shida na yi a ofis ina sa hannu a takardun noma. Ke aji nawa kika yi?"

Ta sauke fartanyar. Ta haƙa rami a nan, ta haƙa wani a tudu, ta zuba wa kowanne bokitin ruwa. Na tudu ya tsotse kafin ta ajiye bokitin. Na ƙasa ya tsaya cak, har yana nuna fuskar Ernest.

"Kin gani!" ya ce da dariya. "Taki ƙasar rariya ce, tawa ke riƙe albarka."

Ya kawo 'yan ƙwadago da takin zamani, ya kafe allo mai sunansa. Shekara talatin Alice na bin ruwan gonar nan. Ta san inda yake nutsewa, da inda yake bi ta ƙarƙashi ya ɓullo bayan kwana uku. Duk a wajen allon yake taruwa.

A watan Agusta ganyen doyarsa ya yi rawaya. Ya zo ya tura hannu cikin kunyar doyar, ya zaro abu mai yauƙi da ɗoyi.

"Ke kika juyo mini ruwa!"

"Ni na karkata ƙasar?" ta ce, ta ci gaba da ɗaure tata doyar a sanda.

Bai sake zuwa ba. Da damina ta zagayo, ciyawa ta fara cin wurin, Alice ta aika a tambaye shi. Ya ce ta yi abin da ta ga dama da wannan kwatar. Ta shuka shinkafa, kamar yadda ita da Irimiya suka saba. Buhu tara ta samu, ta kai ɗaya Tunga da kanta.

Ta iske shi da baƙi a falo. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo ya baza a tafin hannu yana nuna musu.

"Daga gonata ta Beji. Da ganin ƙasar na san ta shinkafa ce."

Alice na tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ta zauna. Ta jira aka juye, ta karɓi buhunta ta naɗe.