Ɗan Hayar da Malama Ta Kawo

Su biyu ne mata a ɗakin uwarsu, Malama ce babba, da shekara bakwai a tsakaninsu. Ita ta yi goyon Auta, ita ta riƙa jan hannunta zuwa makaranta. Da Auta ta watsar da karatu ta ce ita ɗinki take so, Malama ce ta saya mata tsohon keken ɗinki da albashinta na farko. Shekararta ashirin tana koyarwa a firamare, kuma duk dangi sun san in magana ta cushe, wajen Malama ake kai ta.

Sun kuma san burinta, don ba ta ɓoye shi. Gidan haya take so ta mallaka, ɗaki huɗu ko biyar, abin da zai riƙe ta ranar da ta ajiye alli. Ta san unguwar da fili ke da tsada, ta san wadda ruwa ke kwanciya da damina. Dillalai sun zagaya da ita gidaje sun fi goma. Wannan lungunsa ya matse, wancan rufinsa ya tsufa, na gaba kuwa maƙwabtansa ba su kwanta mata ba. Mijinta, direban motar kamfani, har ya daina raka ta.

"Ke gidan da kike nema sai a aljanna," in ji shi, "can kuma ba a haya."

Wata Asabar da hantsi Auta ta yi sallama, da guntun zare maƙale a gefen mayafinta, ta ajiye makullai a gaban yayarta.

"Yaya, tashi ki raka ni ki sa mini albarka."

"Makullin me ke nan?"

"Gida na saya. Mai ɗaki huɗun nan na bayan tasha."

Malama tana tsintar shinkafa a faranti, sai hannunta ya tsaya cak. Ta san gidan. Shekara biyu da suka wuce dillali ya kai ta, ta leƙa banɗaki ta ga bango ya tsage, ta ji ihun yaran mota daga tasha, ta ce ko kyauta ba ta so. Bakinta ya ce, "Masha Allah, kai, na ji daɗi." Ta tashi neman mayafi, ta daɗe a ɗaki alhali yana rataye a gabanta.

Gidan yana nan yadda ta bar shi, sai dai ya ƙara lalacewa. Ciyawa ta cinye tsakar gida, ƙofar ɗaki ɗaya ta ɓalle, famfo an ɗaure bakinsa da roba. Malama ta shiga aikin da ta fi iyawa.

"Dubi silin, ruwa na zuba. Kwatar nan in aka yi ruwan sama cikin gida za ta dawo. Wa zai zauna da wannan hayaniyar tasha? Auta, da kin tambaye ni kafin ki zuba gumin shekara goma a kango."

Auta ba ta ɓata rai ba. Sai ma ta yi ta gyaɗa kai tana cewa, "Shi ya sa na kawo ki, idonki ya fi nawa." Ta ce ta riga ta kawo magini ya duba, tsagar bangon a fatar siminti ta tsaya, ginin lafiyarsa ƙalau. Takardun fili kuma sai da ta kai ofis aka tabbatar mata ba rigima a kansu kafin ta biya. Ɗaki biyu za ta fara gyarawa ta zuba mutane, abin da ya shigo ta gyara sauran.

"Hayaniyar tasha kuwa, Yaya, direbobi da masu sayar da abinci a can nema suke ido rufe. Wanda yake wuni a cikin hayaniya, ba ita za ta hana shi barci ba."

Malama ba ta taɓa yin wannan tunanin ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Cikin wata biyu aka sauya kwanon rufi, aka shafa farin fenti, aka gyara kwata. Wata ma'aikaciyar jinya ta kama ɗaki ɗaya, wani direba da matarsa suka kama na biyu. Labari ya zagaya dangi. Innarsu, wadda a da ba ta buɗe baki sai ta ce "Malama ta ce", yanzu ko maƙwabciya ta shigo aron tsintsiya sai ta ji labarin gidan Auta. Ran da suka haɗu a gidan Inna, Kawu ya shigo da takardar wani fili da ake yi masa talla. Malama ta gyara zama ta miƙa hannu. Ya wuce ta ya ba Auta.

"Ke da kika san kan abin, duba mini."

Auta ta juya takardar ta ce, "Kawu, ai karatun sai Yaya," ta miƙa mata. Malama ta karanta musu da babbar murya, kamar ɗaliba, sannan Kawu ya sake juyawa wajen Auta ya tambaye ta ko ya saya. 

Da aka gama ɗaki na uku, Auta ta roƙe ta ta samo mata mutumin kirki a cikin malamai, tunda su masu albashi ne. Malama ta ce za ta duba.

A makarantarsu akwai malamin motsa jiki da ake kira Barkono. Gida biyar ya zauna a shekara uku, kuma ba inda ya fita da sallama. A wani gida ya yi faɗa a kan layin famfo, a wani ya ɗauki sharar maƙwabci ya juye masa a bakin ƙofa, a wani kuwa shi da mai gida sai da suka kai gaban hukuma a kan kuɗin wuta. Kullum a ɗakin malamai yana da wanda yake ƙorafi a kansa. A lokacin an sake ba shi wa'adin wata ɗaya ya tashi daga gidan da yake haya.

Kwana uku Malama tana juya maganar a ranta. Ta gaya wa kanta taimakon mutum za ta yi. Ta gaya wa kanta gara Auta ta san haya ba ɗinkin riga ba ce tun da wuri. A rana ta huɗu, lokacin tara, ta tarar da shi yana busa usur a fili ta ce, "Malam, na ji kana neman ɗaki."

Da ta faɗa wa mijinta, ya dube ta ya daɗe.

"Barkonon da kike ba ni labari? Shi za ki kai wa ƙanwarki?"

"Albashi gare shi. Abin da ta ce ke nan."

"To. In za a gina ramin mugunta dai, a gina shi gajere."

Ta ce masa ya ji da motarsa.

Barkono ya tare. Malama ta zauna jiran ranar da Auta za ta shigo da kuka, har ta tanadi abin da za ta ce: ai na gaya miki. Sati biyu shiru. Wata guda shiru. Sai ga Barkono da kansa ya shigo ɗakin malamai wata safiya yana washe baki, ya ja kujera kusa da ita.

"Malama, Allah ya saka miki. Ashe akwai masu gida irin ƙanwarki a duniya?"

Ya ce ranar farko ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da ya haɗa shi da gidajen baya, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ƙazanta da rashin tsari. Sai ta ba shi ɗakin da ke can ƙurya, ta sa masa mitar wuta tasa shi kaɗai, sannan ta damƙa masa makullin ƙofar waje ta ce shi ne mai kula da gida, za ta riƙa rage masa wani abu a haya. Yanzu ya rubuta jerin shara ya manna a bango, kowa da ranarsa. Ya gyara famfo da hannunsa. Yaran tasha da suke fitsari a jikin katanga, sau ɗaya ya busa musu usur ba su ƙara ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce tunda take haya ba ta taɓa zama a gida mai tsafta haka ba.

Malamai suka yi ta dariya suna cewa Barkono ya zama tumatir. Malama ma ta yi dariyar, ta buɗe littafin yaran aji ta yi ta jan layi da jan biro ba ta ganin abin da take dubawa. Daga ranar kuma kullum sai ya kawo mata sabon labari. Auta ta dasa bishiya a tsakar gida. Auta ta gama ɗaki na huɗu, mutum uku na rububi. Sai da Malama ta koma cin abincin tara a cikin ajinta.

Wata Lahadi da la'asar Auta ta zo da leda. Ta zaro doguwar riga mai ruwan toka, ɗinki mai kyau, an yi wa wuyan aiki da hannu.

"Tukuicin ɗan haya ne, Yaya. Gwada mu gani."

Malama ta riƙe rigar a cinya ba ta ɗaga ba. Ta ji in ta yi shiru yau ma, abin da ke ƙirjinta zai fasa ta.

"Kin san wane ne shi kafin ki ba shi ɗaki?"

"Na sani. Na je wajen masu gida uku da ya zauna. Dukansu sun ce faɗa gare shi, amma ba wanda ya ce ya taɓa cin masa kuɗi."

"To kin san dalilin da ya sa na turo miki shi?"

Auta ta miƙa hannu ta cire wani zare a bakin rigar.

"Yaya, ke kika goye ni. Tun ran da na ajiye makullan nan na ga fuskarki."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Shekara nawa ina zaune ina kallo ana cewa Malama ta ce, Malama ta yi? In an zo gida ke ake tambaya, ni a ce in kawo ruwa. Kin zaci daɗi nake ji? Duk tayar keken da na murza, ina cewa wata rana ni ma za a tambaye ni."

Malama ta ɗago ta dube ta. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa yarinyar nan da take yi wa kitso tana da irin wannan ciwon ba. Kunya ta kama ta, haushi bai sake ta ba, ta rasa wanda za ta bi a ciki.

"Gidan nan ni na fara ganinsa," ta ce a hankali.

"Na sani. A bakinki na fara jin labarinsa. Kina ta kushe shi, ni kuma ina jin ɗaki huɗu kusa da tasha."

Dariya ta ƙwace wa Malama, da hawaye a ciki. Ta ce, "Ja'ira," ta kai mata duka da rigar. Haƙuri dai ba ta iya furtawa ba, Auta kuma ba ta tsaya jira ba, ta tashi ta ce tana da ɗinkin da za a karɓa.

Bayan sati uku Malama ta kira wani dillali, ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta. Ya kai su wani ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da kwalejin koyon sana'a. Lungun ya matse, tagogin sun yi tsatsa, maƙwabci yana kiwon agwagi. Ta buɗe baki za ta fara, mijinta ya yi gyaran murya, ta rufe. Ta kawo magini, ta kai takardu ofis, ta biya. Wasu ɗalibai mata biyu suka kama ɗaki ɗaya, wani mai gyaran waya ya kama ɗayan. A wata na biyu rufin ya yi yoyo a kan katifar ɗaliban, suka zo har makaranta suna ƙorafi, ta sha wahalar neman kafinta kwana uku.

Inna yanzu takan ce 'ya'yanta biyu duk masu gidan haya ne. In ta faɗa, Malama takan gyara mata: "Ɗaya dai mai gida, ɗaya mai ɗakuna." Har yau in hanya ta bi da ita ta bayan tasha ta hango farin fentin nan, sai ta ji ɗan tsinke ya soke ta a ƙirji, ta ƙara sauri. Wani lokaci kuma takan tsaya ta shiga ta sha ruwa, in ta tarar da Auta ta tambaye ta wajen wa take sayen kwanon rufi.