Ranar Da Labaran Ya Yi Dariya

Ranar Laraba ce Labaran ya yi dariya, kuma daga ranar gidan hayar nan na Sharaɗa bai sake komawa yadda yake ba.

Lami, ɗaya daga matan gidan, ce ta fara ji. Tana tsugune a bakin famfo tana wanke-wanke, sai ta saki kwano ta miƙe da kumfa a hannu.

"Jama'a! Wa nake ji haka kamar Baban Sumayya?"

Shi ɗin ne kuwa. Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya sha aski, ya sa farar shaddarsa ta Sallah, ya ɗora 'yarsa a wuya tana ja masa kunne. Mutumin da tun kafin azumi ba wanda ya ga haƙorinsa.

Labaran ma'aikacin wani kamfanin jima ne a Challawa. Ba a kore shi daga aiki ba, ba wanda ya mutu masa, matarsa Mas'uda ba ta da wani aibu. Haka kawai ya fara shiru, daga shiru ya rage cin abinci, daga nan ya kwanta ya juya fuska ga bango. Da yake a unguwar kowa likita ne, an ce sammu, an ce iska, an ce warin sinadarin jima ne ya hau masa kai, an ce raunin imani. Ya sha rubutun da zai ishi makarantar allo guda. An ɗauko mai ruƙya daga Na'ibawa, ya kwana uku yana yi wa aljani tsawa, aljanin bai ko tanka ba.

Mutum ɗaya ne ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wato Malam Abdulbaƙi na ɗakin da ke kallon nasu. Tsohon akawu ne a wata masaƙa da ta mutu a Bompai. Tun da matarsa Fanna ta rasu bai sake aure ba, ya tara littattafai har kan gado, harshensa kuwa ya ƙara kaifi kamar aska. Da ya ambaci Dawanau, Mas'uda ta yi mako ba ta gaishe shi ba. Mijinta ba mahaukaci ba ne.

Yau ga ta ta fito daga ɗaki ɗankwali a hannu, tana kuka tana dariya.

"Lami, ya ci tuwo! Wallahi ya cinye malmala biyu, har ya ce in ƙara miya!"

Lami ta rangaɗa guɗa. Kafin hantsi ya ɗaga an jiƙa shinkafa an kai niƙa, Mas'uda ta ce sadakar waina za ta yi, ba wanda zai hana ta. Bayan Azahar tanda ta hau wuta. Matan gidan suka zagaye murhu, wannan na zuba ƙullu, waccan na juyawa, ana tsokanar Mas'uda wai yau amarya ta koma. Ma'aikatan safe da suka taso daga kamfanonin roba da na biskit suna shigowa da ƙamshin aiki a jikinsu, a miƙa musu waina a takarda, su tambayi bikin wa ake yi, a ce musu Labaran ne ya tashi, su yi kabbara. Lawan mai adaidaita sahu ya ajiye kekensa a ƙofar gida ya ƙure rediyo, ya rungume Labaran har ya ɗaga shi sama.

"Shege, ka ba mu tsoro! Na ce wa zan riƙa ci a dara in ka tafi?"

"Kai da ba ka taɓa ci na ba?" in ji Labaran. Aka kwashe da dariya.

Ya shiga ɗaki ya fito da takalman aikinsa masu kaurin baki, ya ba Lawan. Ya ba mijin Lami agogonsa. Da aka ce ya yi yawa, ya ce ai shi ma yana son ladan sadakar, ko Mas'uda kaɗai za ta kwashe? Sannan ya fara bin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, yana cire takalmi yana durƙusawa.

"Don Allah duk abin da na yi muku a yafe mini."

"Haba, ba ka yi mana komai ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Haka kowa ya ce, don haka ake cewa. Mata suka riƙa yaba hankalinsa. Ka ga ɗan halak, ya tuna watannin da aka gaishe shi bai amsa ba.

Malam Abdulbaƙi na zaune a kan tabarmarsa da littafi a buɗe, bai juya ko shafi ba. Waina na gefensa ta huce. Yana kallon yadda Labaran ke tafiya sakayau kamar wanda ya sauke buhu daga ka. Ba a littafi ya san wannan tafiyar ba. Shekarar da aka binne Fanna shi ma ya kwanta ya kalli bango, har wata safiya ya tashi jikinsa ba nauyi, ya share ɗaki, ya gaishe da kowa da fara'a, saboda ya gama yanke shawara a ransa. Abin da ya tsare shi ranar ba wani abin kirki ba ne: baƙo ne daga ƙauye ya sauka masa ba sanarwa, ya ƙi tafiya har kwana da kwanaki. Daga baya, a ɓoye, ya je ya ga likita. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ya yafito Mas'uda. Ta zo da tsinken juya waina a hannu, fuska duk gumi.

"Baba, a ƙaro muku ne?"

"Zauna. Wa kika taɓa gani yana bin ɗakuna neman yafiya?"

"Mai hankali mana."

"Mai tafiya Makka, da mai tafiyar da ta fi Makka nisa. Mijinki ya biya kujera ne?"

Murmushinta ya ɗauke.

"Kada ki bar shi shi kaɗai. Ko bayi zai shiga, ki tsaya a ƙofa. Wannan ba warkewa ba ce, ina tsoron sallama yake yi."

"Baba!" Ta miƙe zumbur. "Ku tofar da yawun bakinku! Wata nawa ina kuka a gidan nan ba ku ce mini sannu ba, sai yau da Allah ya dube ni za ku yi mini mugun fata?"

Lami ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda za a ji, "Baki dai ya sari ɗanyen kashi. Wanda ya saba da makoki ai ko a gidan suna gawa yake hange." Wata ta ja Mas'uda, aka koma kan tanda. Malam ya san dokar: abin da ba a so ba a ambatonsa, wanda ya ambata shi ya kira shi.

Bayan La'asar Labaran ya iso ƙofarsa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Malam, saura ku. A yafe mini."

"Ban yafe ba."

Labaran ya ɗago, ya yi dariya. "Me na yi muku, Malam?"

"Kai ka zo nema, kai ka san abin da ka yi. Ni ba na yafiya a jimla kamar 'yan kasuwar Kwari. Gobe da safe ka zo ka raka ni wani wuri. In mun dawo sai in duba lamarinka."

"Ina za mu?"

"In ka zo ka gani. Ka yi alkawari?"

"Allah ya kai mu."

"Ban tambayi Allah ba, kai na tambaya."

Labaran ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. Dariyar ta sauka daga fuskarsa, idanun nan na watannin baya suka leƙo. Ya ce a hankali, "Malam, Mas'uda ta wahala da ni. Dubi yadda ta rame. Yau kun ga yadda take dariya?"

Sirrin da Malam bai taɓa faɗa wa kowa ba ya taso masa. Ya buɗe baki. Ya dubi tsakar gida cike da kunnuwa, ya tuna shi ne Malam Abdulbaƙi da ba a taɓa ganin hawayensa ba ko ranar jana'izar matarsa. Ya ce a ransa gobe, a hanya, su biyu.

"Ango!" Lawan ya ƙwala kira daga zaure. "Ga dara na haƙa, zo in rama!"

Labaran ya sa takalmansa ya tafi.

Malam ya ji daɗin dabararsa. Mutumin da ya bi gida kaf don ya wanke kansa ba zai tafi da saura ɗaya ba. Kafin Magariba ya ja Lawan gefe, suka shirya zai kai su Dawanau da sassafe, Lawan na gunaguni wai za a kai mai lafiya asibiti.

Washegari Malam ya sa babbar rigar da rabonsa da ita tun Sallar bara, har da turare. Yana ta ɗoki kamar yaron da za a kai kasuwa. Ya shirya abin da zai faɗa, ya san ta inda zai fara. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Labaran da kan sandarsa.

Mas'uda ta leƙo, ta gaishe shi a daƙile, sannan ta kasa ɓoye murnarta. "Ai ya koma aiki, Baba. Daga masallaci ya wuce. Ya ce zaman ya ishe shi."

"Da wane takalmin?" in ji Malam.

Ba ta gane ba. Shi kuwa ya riga ya juya yana kiran Lawan da muryar da ba a san yana da ita ba. Suka fita a guje, adaidaita na tsalle a ramuka, suna kutsawa tsakanin tireloli da ayarin ma'aikata, Malam na dukan ƙarfen keken yana cewa a ƙara wuta. A ƙofar kamfani maigadi ya ce bai ga Labaran ba tun kafin azumi. Suna tsaye wayar Lawan ta yi ƙara. Ya saurara, ya zame ya zauna a ƙasa.

Yadda aka same shi ba abin faɗa ba ne. Kafin Azahar dai an kawo shi gida, an yi masa wanka an suturta.

Maza suka taru a ƙofar gida, ƙus-ƙus ya fi salati yawa. Liman ya aiko cewa shi ba zai ja sallar ba, amma ya ce wani na iya ja. Aka shiga kallon-kallo. Lawan, idanunsa jajur, ya fashe.

"Wallahi son kai ne! Ya dubi yarinyar nan ƙarama ya tafi? Ya rungume ni jiya, ashe wasa yake da hankalina! Shi ya huta, ya bar mu da abin kunya."

Wasu suka gyaɗa kai. Malam ya dogara sandarsa.

"Mai son kansa ne ya ba ka takalmi, Lawan? Da ƙafarsa ce ta ruɓe yana kwance wata da watanni, da kun kai shi asibiti a kafaɗa. Da yake ciwon a inda ba kwa gani yake, kuka ba shi tawada ya sha. Hukuncinsa yana wurin Wanda ya san abin da ya rage masa na hankali a safiyar nan. Ku naku aikin sahu ne. Jiya kun iya layin waina."

Sai ga mijin Lami ya fito ya ce a cikin gida ma an tsaya: an kira Mas'uda ta zo ta yi wa mijinta addu'a ta yafe masa kafin a fito da shi, ta ƙi tashi.

Malam ya shiga. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanunta a bushe.

"Ya sa na yi guɗa, Baba. Ya sa na tara mutane. Bai tuna da ni ba? Bai tuna da Sumayya ba?"

"Ku ya tuna. Jiya maganarki ya yi mini, ya ce kin rame. Ciwon nan maƙaryaci ne, 'yata. Yakan zauna a kunnen mutum yana gaya masa shi kaya ne, in ya kau nasa za su huta. Da wannan ƙaryar ya tafi."

"Ni na ce masa na gaji?"

"Ba ki ce ba. Ko kin rantse masa ba zai ji ba."

Ta ɗago kai. "Ku ya aka yi kuka sani?"

Malam ya dubi sandarsa. "Tashi, ana jiran ki."

Ta tashi. Ta durƙusa a gaban makara, ta ɗora goshinta a kan likkafani, kukan da ya ƙi zuwa tun safe ya zo.

Malam Abdulbaƙi ne ya ja sallar, da babbar rigarsa ta zuwa asibiti. Sahu bai yi tsawo ba, amma Lawan na ciki, kuma shi ya fara kama makara.

A maƙabarta aka jera itace, aka toshe da ɗanyen laka, aka tura ƙasa aka yayyafa ruwa. Mutane suka shafa addu'a suka watse, masu aikin rana na sauri kada a rufe musu ƙofa. Malam ya tsugunna ta wajen kai.

"Na yafe," ya ce. Wannan bai yi wuya ba.

Ɗayar maganar ce ta tsaya masa, wadda ya tanada don hanya: ni ma na taɓa wayar gari irin taka, Labaran, ga ni kuma har na tsufa. Leɓunansa suka motsa, ba abin da ya fito.

Can bakin hanya Lawan ya kashe inji yana jira. Malam ya dafa jiƙaƙƙiyar ƙasar ya miƙe da ƙyar, shatin yatsunsa biyar ya zauna a kan kabarin, ruwa na taruwa a ciki a hankali.