Ragar Taga ta Huɗu

Wendell Aakre ɓarawo ne. Abin da ya sata bai taka kara ya karya ba, ƙyallen raga ne faɗin taƙi ɗaya. Amma wanda ya saci ƙaramin abu a gidan yayansa ba ƙaramin ɓarawo ba ne, ƙaramin abu ya tarar.

Yayan nasa, Duane, yana da tsohuwar mota mai gado da murhu a ciki, da ita yake zuwa tafki kowane watan Yuni. Bara sauro ya yi wa matarsa Marlys kaca-kaca, don in an rufe tagogi zafi, in an buɗe cizo. Da suka dawo garinsu Bemidji ta ce masa, "In sauro ya sake cizo na a cikin motar nan, sayar da ita za ka yi." Marlys ba ta maimaita magana.

Bana sai Duane ya sayo raga daidai tagogi huɗu. Tagogin irin waɗanda ake tura gilashinsu gefe ne, don haka daga waje ragar za ta zauna, kada ta tare gilashi. Ya auna, ya ja layi da alli, ya bar rara ko ta ina, ya naɗe baki ya jera maganaɗisu a ciki, Marlys ta bi da keken ɗinki. In ya kai raga jikin mota sai ka ji ƙas, ta kama. Yana fito yana aikinsa. Ya gama uku, aka kira shi cin abinci.

Wendell ya ce, "Je ka, tsoho, ta huɗun tawa ce. Kada hannunka ya karye."

Da Duane ya fito ya tarar da raga a manne, an bi samanta da faffaɗan salatif.

"Wannan fa?"

"Mai kanti ya cuce ka, ragar ba ta kai ba. Salatif ɗin nan ko jirgin sama zai riƙe."

Duane bai so ba, amma mutum ne mai yarda da ƙaninsa. Yarda ba laifi ba ce. Rashin dubawa ne laifi.

Sun isa tafki da rana tsaka. Wendell ya kafa tantinsa a gefe. Ranar kifi ya yi ta cin ƙugiyarsa, ya cika bokiti, yana ta yi wa yayansa dariya. Marlys ta soya kifin da dankali, suka ci suka sha kofi, iska tana kaɗawa ta cikin ragar. Duane ya ji duniya ta yi masa daidai.

Da rana ta yi sanyi ya zaga motar, sai ya tarar da ɓarna. Zafi ya narkar da gam, salatif ya saki, taga ta huɗu ta buɗe baki daidai kan matashin Marlys. Ga sauro ya fara kuka a cikin ciyawa.

Yana tsaye sai ga Marlys daga bakin ruwa, ɗauke da wani tarko na waya da raga, ƙananan kifaye na tsalle a ciki.

"Wendell, a ina ka sami ragar kama ƙananan kifayen da kake sa wa ƙugiya?"

"Haba, Marlys, ke da kika ci kifi uku?"

"Na ci, kuma ya yi daɗi. Ga layin allin Duane a jikinta."

Wendell ya soshi ƙeya. "Ɗan guntu ne fa."

Ta ɗauko almakashin kicin, ta nufi tantinsa, ta yanke ragar ƙofar gaba ɗaya, ta miƙa wa mijinta. Duane ya ciro maganaɗisun gajeriyar ragar, ta zauna ta ɗinke da allura. Ya kai jikin mota. Ƙas.

Da safe Marlys ta fito ba ɗigon cizo ko ɗaya a jikinta. Ta ce wa Duane ya dubi tayar baya kafin tafiyar baɗi, shi kuwa ya fahimci motar ba za a sayar da ita ba ke nan, ya ɗora ruwan kofi yana fito.

Wendell ya kwana uku a tanti mara ƙofa. Ya koma gida idonsa ɗaya a rufe don kumburi.