Ƙanƙarar Karkashi a Al Quoz

Shekara tara Sanda ya yi yana tuƙa masu yawon buɗe ido cikin rairayin Dubai, kuma duk iliminsa na tuƙi bai wuce abu ɗaya ba: idan mota ta yi gardama, a taka mata wuta. Da korona ta zo kamfaninsu ya rufe, bizarsa ta rage saura mako uku. Mutumin da ke cika mana ɗaki da surutu a Al Muraqqabat ya koma kwanciya yana kallon silin. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ana haka sai ga wani kamfani yana neman direban da zai riƙa kai ma'aikata kan duwatsun Kazakistan lokacin ƙanƙara, a mota mai ja da ƙafa huɗu. Ranar Lahadi za a yi gwaji.

Ni Abednego gyaran injin sanyi nake yi a Al Quoz, kuma na taɓa zama a birnin Almaty na Kazakistan, na ga yadda ƙanƙara ke wulakanta direbobi. Na ce zan koya masa.

"Haba Abednego, me za ka koya min?" in ji Sanda. "Ƙanƙara ai yashi ce da ta ji sanyi. Four wheel ce fa, habibi."

"Ƙafa huɗu wajen tashi take taimaka maka, Malam Sanda. Wajen tsayawa kai da mai akwala duk ɗaya ne."

Matsalar ita ce ina za a sami titin ƙanƙara a garin da takalmi ke narkewa a kwalta. Uwa, wadda ke sayar mana da tuwo, ita ta warware. Tana da buhu biyu na garin karkashi da suka jiƙe a jirgin kaya, ba sa ciyuwa. Ranar Juma'a da hantsi, da izinin maigidana, muka kwaɓa su a durom, muka malale a simintin wani sito da ba kaya. Na jera kwalaye a can ƙarshe, na ce su ne 'yan makaranta.

Ina juyowa na tarar da Sanda durƙushe yana sace iskar tayoyin motar da muka aro, yadda suke yi kafin su shiga rairayi. Sai da muka sake bugawa. Ya shiga mota, ya ce "Yalla!", ya taka. Da ya ga kwalaye ya danne birki ya murɗe sitiyari lokaci guda. Motar ta juya sau biyu a natse kamar amarya tana nuna zani, ta share 'yan makarantar nan gaba ɗaya, ta tsaya tana kallon inda ta fito.

"Ka gama da aji guda," in ji Uwa daga bakin ƙofa.

Sanda ya sauko ba dariya. Ya daɗe yana kallon kwalayen, don 'yarsa Maimunat tana aji uku a Kano. Daga nan ya fara saurare. Na ce ya taka totur kamar mai tsallake jariri a tabarma. Birki tun daga nesa, a hankali, kafin kwana. Tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba. Idan bayan mota ya zame, ya ɗaga ƙafa, ya dubi inda yake son zuwa, hannu zai bi ido. Kafin la'asar ya tsaya sau bakwai bai taɓa kwali ba. Wanke siton kuwa ni aka bar wa, har yau ban yafe ba.

Ranar Lahadi mai gwajin, wani dattijo ɗan Kazakistan, ya ce ya zaga da shi Al Quoz. Rana tsaka, kwalta busasshiya, amma Sanda ya tuƙa kamar karkashi ne a ƙasa. Manyan motoci suna ta danna masa oda, wani mai keke ma ya wuce shi. Ya dawo ɗaki ya ce min, "Khalas, na kunyata kaina. Bari in fara ɗaure kaya."

Da yamma suka kira. Cikin direbobi goma sha ɗaya, shi kaɗai ne dattijon ya ce zai yarda ya sa 'ya'yansa a motarsa. Sanda ya zauna a bakin gado ya yi kuka sosai, ni ma na juya na shiga gyara fankar da lafiyarta ƙalau.

A watan Disamba ya aiko min da saƙon murya. Ya ce ya yi awa uku a kan dutse cikin ƙanƙara, mota ba ta zame ko sau ɗaya ba. Da suka isa ya buɗe ƙofa ya diro da ƙarfinsa, sai ga shi a ƙasa, ƙafafu a sama, a gaban ma'aikata takwas.

"Abednego, ka cuce ni," ya ce. "Ka koya wa mota, ni ba ka koya min tafiya ba."